Ranar da na cire surukina daga lissafin ƙasa

Ba zan taɓa mantawa da zuwana na farko gaida mahaifin Hauwa'u, yarinyar da nake neman aure, a Ƙofar Ran ba. A lokacin na gama karatun tattalin arziki a jami'ar da ke Yelwa, ba aiki, sai kwali da baki.

Tun a waya ta ja min kunne: "Don Allah ka gaishe shi kawai, ban da lacca." (Ta san halina.)

Alhaji dattijo ne mai fara'a. Yana zaune a Bauchi, amma yana da injin casar shinkafa a Kamaru. Ashe 'yan unguwa sun daɗe suna yi masa gorin ya kai arzikinsa ƙasar wasu. Ni ban sani ba.

Bayan gaisuwa ya ce, "Yaro, me ake koya muku a karatun nan?"

Nan fa kaina ya kumbura. Na gyara zama na ce, "Baba, lissafin arzikin ƙasa iri biyu ne. Akwai na abin da aka samar a cikin iyakarta, ko na wane ne. Misali injinku na Kamaru, ko ƙwaya ɗaya ba ya ƙara wa Nijeriya..."

Na tsaya in haɗiye yawu. Ƙanensa da ke zaune a gefe ya bar kofin shayi a bakinsa.

Alhaji ya dube ni a natse. "To madalla. Kai da kake cikin iyakar, me ka ƙara mata?"

Wallahi na so tabarmar ta naɗe da ni. Na ga auren yana fita ta ƙofa ko sallama babu. Na yi sauri na ce, "Baba, saura rabi. Lissafi na biyu na abin da mazauna ƙasa suka samu ne, ko daga ina. Ribar da kuke kawowa gida tana ciki cif."

"Kai fa?"

"Ni... ba na cikin ko ɗaya."

Ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ya ce, "Aƙalla ba ka ƙarya. Ranar Juma'a ka dawo ka faɗa wa mutanen majalisarmu rabin nan na biyu."

An ɗaura auren bayan na samu koyarwa. Ɗalibaina har yau ba su san dalilin da ya sa nake fara darasin nan daga ƙarshe ba. Idan magana rabi biyu ce, fara da rabin da ba zai sa a kore ka ba.