Carbi da Agogo a Hoton Bango

Abin da ba zan taɓa mantawa ba shi ne ranar da muka kai yayata ɗakin miji a Takieta, na kwance wa kaina zane a gaban surukarta.

Lokacin ina shekarar farko a jami'a a Zinder, sashen tarihi. Wani mushenmu, wato malaminmu, ya nuna mana zane-zanen attajiran Italiya na zamanin da suke kira Renesans. Ga mace cikin baƙaƙen kaya, ta yane kai, hannunta riƙe da carbinsu na Kirista da ɗan littafin addu'a. Ya ce mu lura: baƙin yana nuna tawali'u, amma rininsa tsada gare shi. Hannun da ke jan carbi kuma shi ne ɗauke da zobba. Ibada da arziki a allo guda!

Abin ya shiga raina ƙwarai. Na koma duk hoton da na gani sai na yi masa tafsiri (har kalandar shagon tela ba ta tsira ba).

To, muna zaune a ɗaki ana jiran abinci, sai idona ya faɗa kan hoton wani dattijo a bango: baƙar alkyabba, dogon carbi, ya ɗan ɗaga hannu agogo na walƙiya. Kusa da ni akwai wata tsohuwa mai tsohon mayafi, na ɗauka maƙwabciya ce.

Na ce, "Inna, kin san abin da hoton nan ke faɗa? Carbin na mutane ne, su ce malam. Amma dubi yadda ya karkato hannu. Agogon yake so a gani."

Ta ce, "Ikon Allah. Sai kuma me?"

Ni kuwa an ba ni fili, na zuba har da tsadar rini. Ƙanwar babarmu tana ta mintsinina, na zaci cinnaka ne.

Da na gama ta ce, "Kin yi gaskiya, 'yar nan, so yake a ga agogon. Angon naku ne ya sayo masa da ya fara aiki. Malam ya ce da mai hoto, a tabbata ya fito, yaron ya ji daɗi. Alkyabbar ta aro ce. Carbin kam nasa ne, yana hannunsa ya cika. Ni na zare shi."

Ashe surukar yayata ce, dattijon hoton kuma mijinta. Na nemi ƙasa ta tsage, ta ƙi. Na durƙusa ina ba da haƙuri, ita kuwa ta miƙo mini kwanon fura ta ce, "Sha, bokon nan da ƙishirwa."

Har yau in na kalli zanen waɗancan attajirai nakan tambayi kaina, wa ya saya musu zoben? Su dai ba mai amsa musu. Amma a Damagaram, kafin ki fassara mutumin bango, fara tambayar da wa kuke tabarma ɗaya.