Kwale-kwalen da Ya Haura Katanga

Na yi wa kawuna alkawarin gyara tsohon kwale-kwalensa kafin ruwa ya yanke hanyar gonarsa a Miga. Kowace Asabar nakan taso daga Dutse in toshe tsaga da kwalta, har na kafa masa rumfar katako a tsakar gida. Babu abin da ban auna ba, in ban da ƙofar zaure.

Ranar fitarwa, rumfar ta cije.

Kawu ya ce, "Injiniya, ko kogin za mu kira ya shigo?"

Ta kan katanga maƙwabta suka haurar da shi. Wajibi ne in ambata cewa bai yi yoyo ba. Amma har yau, in na yi sallama, Kawu kan tambaya, "Ta ƙofa ko ta katanga?"