Rasuwar Tukunyar Ɗumama Gidan Glenys Trewin

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafu masu sanyi ƙalau, ni Glenys Trewin ta garin Ballarat nake sanar da rasuwar tukunyar ɗumama gidana, wadda ta cika ranar Litinin, tsakiyar Yuli, lokacin da hunturunmu na nan ya fi tsanani, tana da shekara talatin da ɗaya. Ta ɗan jira sanyi ya wuce mana, ina!

Marigayiyar ba ta da hayaniya. Da safe ta ce ƙas-ƙas-ƙas, ta ce fuuu, shi ke nan ruwan zafi ya zaga ɗakuna. Da ita nake rufe bakin 'yata Bronwyn, wadda ta rantse ranar da ɗumi ya ƙare a gidan nan za ta kwashe ni zuwa gidan tsofaffi.

Ciwon ajalin ya fara da yoyo. Kullum allurar agogon da ke auna ruwanta sai ta sauka. Na ɗaura tishu a wuyan kowane famfo, na barbaɗa hoda a gindin bututu, na yi rarrafe da gwiwoyin shekara saba'in da takwas ina neman ɗigo ɗaya. Ko'ina a bushe ƙayau. Keith mai gyaran famfo ya zo ya duba, ya ce, "Glenys, yoyon nan a ƙarƙashin katakon falo yake. Sai an ɓamɓare." Na ce, "Katakon da marigayi mijina ya shimfiɗa da hannunsa? Shanye shayinka ka kama gabanka."

Sai na riƙa ƙara mata ruwa duk Lahadi, shekara biyu cur, ni a ganina jinya nake yi. Ashe sabon ruwa tsatsa yake kawowa, ita ta cinye ta ta ciki. Wato ni na kashe ta, kuma abin yana ci mini rai.

Ta rasu ta bar ƙarafunan ɗumi bakwai a jikin bango, duk sun yi tsit, da kyanwa ɗaya mai fushi, da yoyon, wanda yake nan cikin ƙoshin lafiya.

Za a fitar da gawa ranar Alhamis da ƙarfe goma, motar 'yan gwangwan ce za ta ɗauka. Ana karɓar gaisuwa a kicin, gaban tanda, kowa ya zo da rigar sanyinsa. Ba a buƙatar furanni. Bronwyn tana can nesa a garin Darwin, jaridar nan ba ta kaiwa can. Duk wanda ya buga mata waya kafin lokacin zafi ya shigo, kada ya zo tawa jana'izar.