Yadda Aka Raba Gadon Daular Kwali

Kullum da hantsi, kafin ya kurɓi koko, Malam Tajuddeen yakan sunkuya ya hure duniya. Fuu, daga gabas zuwa yamma. Garin da ƙwari suka zubo daga azara ya tashi daga kan tekuna da duwatsu da birane, ya koma cikin hancinsa. Sai ya yi atishawa, ya yi hamdala, ya gyara zaman hula. Ba kowa Allah Ya ba duniyar da zai hure ba. Tasa tana shimfiɗe a kan tebur mai ƙafa uku da bulo, an zana ta da biro a bayan kwalin taliya.

Unguwar Tsamiya, da ke gabas da Ɗanbatta, ta fitar da manoma, ta fitar da dillalan awaki, ta taɓa fitar da direban tirela. Amma mai tsara dauloli, a kansa aka fara, kuma bisa dukkan alamu a kansa za a rufe.

Iliminsa ba na wasa ba ne. Ya yi shekaru a Rijiyar Zaki, a shagon kwafe takardu da ke kallon jami'a. Duk ilimin da ya shiga jami'ar nan sai da ya bi ta hannunsa, gaba da baya. A nan ya ga ɗalibai suna wani wasa: a kewaye tebur, kowa ya ɗauki matsayin wani mutum daban, ɗaya daga cikinsu yana ba da labari yana yanke abin da ya faru. Bai taɓa zama an yi da shi ba, domin inji ba ya jira. Amma ya leƙa, kuma leƙen mai basira ya fi zaman wani.

Da ya dawo gida sai ya tsara nasa, ya sa masa suna Daula. Sarakuna huɗu, ƙasa ɗaya. Kowane sarki ya karɓi haraji, ya tara runduna, ya cinye maƙwabcinsa. Wasa ba ya ƙarewa sai mutum ɗaya ya mallaki kwalin kaf. Marafan kwalba su ne dakaru, ƙwallayen dabino su ne dawaki. Shi kuwa Tajuddeen shi ne mai ba da labari, mai saukar da ruwa da fari da annoba. Sunan da ya zaɓa wa kansa Babban Mai Tsarawa. Gari ya zaɓa masa Sarkin Kwali. Ya ɗauka yabo ne, kuma ba a samu mai rashin tausayin da zai gyara masa ba.

Dole a jinjina masa. A ƙasar da in ka yi miƙa a gonarka hannunka zai faɗa ta maƙwabci, shi kaɗai ne mai kyauta da nahiya. Gonarsa ta gado, in akuya ta kwanta a tsakiya, wutsiyarta tana ta wani. Wannan bai dame shi ba. Mai teku ba ya ƙirga kunya.

Abin da ya dame shi ɗaki ne. Hedikwatar Daula shagon ƙofar gidansu ce, inda yayansa Basiru ya saba jibge gyaɗa duk kaka. Ga kaka ta zo, ga gyaɗa ta yi kyau, ga kwali a kan tebur.

"Taju, ka naɗe tabarmar nan taka, buhuna za su shiga," in ji Basiru.

"Yaya, abin da kake kira tabarma, a wasu ƙasashen gini guda ake ware masa."

"To a kai shi can."

Magana ta je gaban mahaifiyarsu, Inna Safiyatu, tana tankaɗe. Ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "Auta, in abin nan naka wasa ne, a ga dattawa sun zauna sun yi shi har wani ya ci. In an ci kafin a gama tsinkar gyaɗa, ɗaki naka ne. In ba a ci ba, buhu ya shiga. Ku tashi min daga kan gari."

Tajuddeen ya yi murmushin manya. Ya san ɗan Adam. Ka ba shi runduna, ka nuna masa maƙwabci, ka koma gefe. Ya gayyato Malam Sha'aban, tsohon manomi mai ciwon gwiwa, da Alhaji Tahir dillalin awaki, da Malam Abdussalam na'ibin liman. Sarki na huɗu kuwa ya ce lalle sai Basiru, domin ya ga girman abin da yake neman rushewa.

Suka hallara bayan la'asar. Na'ibi ya ɗauki ɗan ludon da ke kan tebur, ya juya shi, ya ce wannan ƙanin caca ne. Aka maye gurbinsa da ƙuri'ar kara, dogo ko gajere. Mai Tsarawa ya haɗiye wannan, ya miƙe tsaye.

"Jama'a, daga yanzu ba ku ne ku ba. Ku manta da fartanya. Ku manta da taki. Kowannenku zaki ne, kuma dawa ba ta ɗaukar zaki biyu. Na yi nazarin tashin dauloli da faɗuwarsu, na tace, na zuba a cikin wannan kwali. Babu wanda na fifita. Wannan shi muke kira balans. Baba Sha'aban, kai ne Sarkin Gabas. Bismillah."

Malam Sha'aban ya daɗe yana duban rabonsa.

"Wannan ƙasar tawa, jigawa ce ko fadama?"

"Daula ce, Baba."

"Na ji. Me take yi? Gero ko dawa?"

"Tana yin abin da ka umarce ta. Duba nan. Alhaji ya bar iyakarsa ba tsaro. Ka afka masa."

"In afka wa Alhaji? Mutumin da kafaɗata take gogar tasa a sahu tun ba a haife ka ba?" Ya taɓa marafan kwalbar da yatsa. "Waɗannan yaran, sun iya noma?"

"Mayaƙa ne!"

"To ai ƙarfi gare su. A kai su gonar Alhaji su yi masa gayya. Baɗi ya aiko min da nasa."

Alhaji Tahir ya ce madalla, fura tana wuyansa. Haka rundunar Gabas ta tsallaka iyaka a karon farko, ta yi noman fari, ta sha fura, ta dawo ba wanda ya yi ko tuntuɓe.

Babban mutum ba ya fushi, doka yake yi. Washegari Tajuddeen ya haramta gayya. Sai Alhaji Tahir ya ba Basiru aron lardi guda, ya noma shekara ɗaya ya mayar. Aka haramta aro. Sai na'ibi ya karɓi biro ya bi iyakokin duka yana ɗiga musu gamba, don kada 'ya'ya su zo su yi rigima a baya. Mai Tsarawa ya saukar da fari a Yamma, sauran ukun suka buɗe rumbu. Ya saukar da fara. Suka ce Allah Ya kyauta, suka tambaya ko ta soyuwa ce.

Ana cikin haka gwiwar Malam Sha'aban ta ƙi tabarma. Basiru, mai ladabi, ya fita ya shigo da buhun gyaɗa ɗaya ya ce Baba ya zauna a kai. Ba a ba wani sarki kujera a bar wani a ƙasa, don haka aka kawo uku. Labarin wasan ya zaga gari, 'yan kallo suka fara zuwa, kuma Basiru bai taɓa barin baƙo a tsaye ba. Tajuddeen ya ga ɗaki yana cika, zuciyarsa ta yi fari. Ya ce wa Inna, "Kin gani? Har kujeru ake ƙaro mana." Inna ta ce ta gani.

Sau ɗaya yaƙi ya kusa. A tsakanin Gabas da Kudu akwai wata bishiya da Mai Tsarawa ya zana don ado kawai. Malam Sha'aban ya ce ɗorawa ce, kuma tasa ce. Basiru, Sarkin Kudu, ya ce a ƙasarsa take. Sha'aban ya ce ƙasa daban, bishiya daban, kakansa ne ya dasa ta. Murya ta tashi, hula ta karkace, jijiyar wuya ta fito. Tajuddeen ya tura musu dakaru gabansu da hannu biyu.

"Ga su nan! Ga dawaki! Tarihi yana kallonku!"

Tarihi ya yi ta kallo har aka kira magariba. Aka tashi a kan cewa kalwa ta Sha'aban ce, inuwa ta Basiru, makuba kuma a raba. Dattawa suka fita suna cewa rabon da su ji daɗin zama irin wannan tun rasuwar tsohon dagaci.

A waje kuwa gyaɗa tana ƙarewa. Mata sun kusa gama tsinka, harawa ta hau kan rufi ta bushe. Tajuddeen ya duba kwalinsa. Ko taƙi ɗaya babu wanda ya ci. Sai ya zaro makamin da ya ɓoye don irin wannan rana, wanda ya ce babu daular da ta taɓa tsira daga gare shi.

Da suka zauna, ya miƙe, ya sassauta murya.

"Ina baƙin cikin sanar da ku, Sarkin Arewa, mai ƙasa mafi faɗi, ya faɗi ya mutu. Gadon sarauta babu kowa. Birni a buɗe, taska a buɗe, dakaru ba shugaba. Wanda ya riga kai hannu, shi ne sarkin duniya. Wannan dama ba ta dawowa."

Kowa ya waiwaya. Sarkin Arewa na Alhaji Tahir ne.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Malam Sha'aban. Ya miƙa wa Alhaji hannu. "Ya haƙuri? Ashe abin da ya faru ke nan. Jiya-jiya muna tare."

"Haƙuri sai ma'abocinsa," in ji Alhaji Tahir, ya sunkuyar da kai. "Bai yi wata jinya ba."

'Yan kallo suka taso ɗaya bayan ɗaya suna yi masa gaisuwa. Na'ibi ya ɗaga hannu aka shafa fatiha. Mai Tsarawa ma ya shafa, domin babu yadda za a yi mutum ya ƙi.

Na'ibi ya gyara zama a kan buhunsa. "To, Alhaji. Akwai bashi a kansa? Ya bar wasiyya?"

"Babu ko ɗaya."

"Alhamdu lillahi. Iyali fa?"

Wannan tambaya ba ta cikin dokokin Daula. Alhaji Tahir ya dubi azara, ya fara lissafo wa mamacin iyali irin na mutumin kirki: maza bakwai, mata tara, uwargida, ga tsohuwarsa tana nan da ranta, ga ciki ba a haife ba. Na'ibi ya ce a ware wa cikin kason namiji, a jira. Ya karɓi biro da tsinken tsintsiya, ya ɗora a kan Arewa, ya fara ja.

Ƙasar da Tajuddeen ya kwana yana yi wa duwatsu ta fara komawa siraran layuka, kamar saƙar tabarma. Babban birni ya faɗo a kason mace uku. Teku aka ce ba ya rabuwa, a bar shi kowa ya shayar da dabbobinsa. Magada sun yi yawa, sai 'yan kallo suka shiga ɗauka: wannan ya zama ɗan fari, wancan ya tsaya wa marayu, wani ya ce shi mijin ta biyun ne, kuma ba zai yarda a ba matarsa wajen duwatsu ba. Ɗaki ya kaure. Basiru ya leƙa waje ya ce a shigo da ragowar kujerun, magada ba sa tsayuwa. Suka shigo har suka taɓa azara.

"Ku dakata!" Tajuddeen ya buga tebur, bulo ya gosa, dawaki suka gangara ƙasa. "Wannan ba shi ne tsarin ba! Daula haɗewa take yi, ba tsagewa ba! An ce ku ci duniya, kun mayar min da ita Unguwar Tsamiya! Ni ne Babban Mai Tsarawa, kuma ina umartar..."

"Malam Tajuddeen," in ji na'ibi, a hankali, bai ɗaga tsinken daga kan kwali ba. "Me kuka haɗa da mamacin?"

"Ni na tsara shi! Ni na ba shi ƙasar! Ni na kashe shi!"

Aka yi salati a ɗakin.

"To ka ji da bakinka," in ji na'ibi. "Ba ka cikin dangi, ga kuma wannan da ka faɗa. Ko ɗansa ne kai, wanda ya kashe ba ya gado. Rabo sirrin iyali ne. Ɗan ba mu wuri."

Babban Mai Tsarawa ya dubi yayansa. Basiru yana can ya duƙufa, yana kare haƙƙin cikin da ba a haifa ba. Ya dubi Malam Sha'aban, Malam Sha'aban yana tambaya ko akwai ɗorawa a kason tsohuwa. Ya nemi inda zai zauna ya jira, ya tarar kowane buhu da mai shi.

Sai ya gyara hula, ya tattare riga, ya ratsa tsakanin gwiwoyin magada a karkace, yana ba da haƙuri ga duk wanda ya taka.

"Auta," in ji Alhaji Tahir daga bayansa, "in ka fita ka ja mana ƙyauren."

Ya fita, ya ja.