Yadda Za Ka Koya wa Shafin Intanet Gaisuwa

Ɗan'uwa, gyara zama. Idan burinka ka zama mai tsara shafukan intanet a birnin Yamai, to Allah ya kawo ka inda ya dace. Sunana Isaka, ɗan Boukoki, kuma na tsara shafuka har huɗu, biyu daga ciki ma suna buɗewa. Ka bi matakan nan bakwai ɗaya bayan ɗaya, ni na ba ka tabbaci, kafin ruwan bana ya ɗauke za a san da kai a unguwarku. Abin da za a san ka da shi ne dai ban yi alkawari ba.

Mataki na 1: Ka fara yin kama da mai sana'ar

Iya aiki daga baya yake zuwa. Ka nemi jakar goyo, ka nemi tabarau ko da idonka garau yake. Ka je fada inda samarin unguwa suke dafa shayi, ka buɗe kwamfuta a kan cinya, ka ɗaure fuska. Duk bayan minti biyar ka ja tsaki kamar intanet ne ba ya ja, ka ce, "Kai, rezon nan!" Ba wanda zai tambaye ka me kake yi. Idan an miƙo shayi, ka karɓa ba tare da ka ɗago kai ba. Gwani ba ya kallon kofi.

Mataki na 2: Ka haƙura da dangi

Za ka yi musu bayanin sana'arka sau goma, su gyaɗa kai, su fita suna cewa, "Ashe gyaran waya yake yi." Kada ka yi gardama. Ka goge musu hotunan da suka cika waya, ka ƙara musu ƙarar kira, ka karɓi albarka. Daga cikinsu aikinka na farko zai fito.

Ni nawa daga Gwaggo Zuwera ya fito, yayar mahaifina. Shekara talatin da ɗaya tana sayar da atamfa a Babbar Kasuwa, har gwiwoyinta suka ce sun gaji. Likita ya ce ta zauna gida. Aka kwaso kayan rumfar aka jibge a ɗakinta na Boukoki, sannan ta aika a kira ni.

"Isaka, an ce kai kake sa shago cikin waya."

"Shafi ake cewa, Gwaggo."

"Ko mene ne sunansa, ka sa nawa. Matan nan da na saba da su, wata biyu in ba su gan ni ba, sun koma rumfar wata. Ba na so in zama tsohuwar da ake cewa da can tana sayar da zane."

Da dariya ta faɗa, amma idonta bai yi dariyar ba. Ka lura da irin wannan. Ni ban lura ba, ina can ina tunanin kalar da zan sa.

Mataki na 3: Ka saurari mai aiki, amma kada ka ji

Wannan ita ce babbar ƙwarewa. Mai aiki zai yi ta magana, kai kuma kana cewa "to, to, madalla," alhali tun kafin ya buɗe baki ka gama tsara komai a kanka.

Gwaggo ta kwashe awa biyu tana ba ni labarin masu sayen kayanta. Madam Hawa ta Koira Kano, wadda take aiki a wani buro na gwamnati, ba ta taɓa sayen zane ba sai ta ce bai yi ba sau uku. Mariyam mai ɗinki ba ta son ja, tun da aka sace mata wani jan zane a kan igiya. Wance mijinta ba lafiya, wance 'yarta ta haihu a Tawa. Ni kuwa ina ta "to, to," ina rayawa a zuciyata, me ya haɗa wannan da intanet? Ashe aikin ne gaba ɗaya take karanta mini, ni ina hamma.

Mataki na 4: Ka ɗauki hotuna, ka shirya shan faɗa

Ka shimfiɗa zane a tsakar gida inda haske yake, ka kori kaji, ka hau kujera, ka ɗauka. Za ka nuna wa mai kaya, ta ce, "Wannan ba shuɗina ba ne." Ka sake ɗauka. Ta ce, "Wannan kuma ya fi nawa kyau, so kake a ce na yi ƙarya?" Babu hoton da zai yi daidai. Ka zaɓi wanda aka fi yi maka faɗa kaɗan a kansa.

Mataki na 5: Ka tsaya a kan iliminka

An koya mana cewa mai buɗe shafi daƙiƙa uku kawai yake ba ka. Bai ga abin da yake so ba, ya tafi. Saboda haka shafi ya zama fari tas, ba surutu, kaya a gaba, maɓallin saye a sama inda ido zai fara sauka. Haka na yi. Wallahi ya yi kyau. Na kai mata ina tafiya ina jin kaina.

Gwaggo ba ta karanta boko, sai ta nuna koren maɓallin da yatsa.

"Wannan me ya ce?"

"Ya ce, saya yanzu."

"Kafin nan me ya ce?"

"Ba komai, Gwaggo. Shi ne farko."

Ta ajiye wayar a hankali, ta dube ni sama da ƙasa.

"Isaka, wa ya yi wa abin nan tarbiyya? Mace ta shigo wurina, ba sannu, ba ina kwana, ba ina yara, sai a tare ta da saya yanzu? Ni Zuwera? Shekara talatin da ɗaya ban taɓa warware zane ba sai an gama gaisawa. Ko 'yan Zabarma da ba mu jin juna sosai, sai na yi musu fofo, sannunsu ke nan, mun tambayi gida, kafin a taɓa kaya."

A nan ne za ka gyara tabarau. Ka ce, "Gwaggo, mutanen yanzu ba su da lokaci. Haka ake yi a duk duniya." Kalmar duniya tana kashe bakin tsofaffi. Ta ce, "To, kai ka yi lakwal, kai ne ɗan boko." Na saki shafin yadda yake, na tura wa duk lambobin da suke cikin wayarta.

Sati biyu, sau goma sha ɗaya aka buɗe shi. Tara ni ne.

Kullum da safe sai ta yi wanka, ta ci ado irin na zuwa kasuwa, ta ɗaura kallabi, ta zauna bakin ƙofar ɗaki da waya a cinya. Har azahar wayar ba ta yin ƙara. Sai ta tashi ta koma ɗaki. Ran nan na shigo na tarar ba ta ɗaura kallabin ba. Gaskiya na ji kunya, kuma na ji tsoro.

Mataki na 6: Ka cire tabarau

Ka zauna a tabarma, ƙasa da mai aiki, ka ce, "Gwaggo, yaya kike so a yi?" Tambayar nan ba ta cikin darasin da aka koya maka, amma ba ta kisa.

Ta ce, "Abin nan yana magana?"

Na ce ana iya sa murya.

"To kunna."

Ta gyara murya, ta fara. Sallama, ina kwana, ina gajiya, ina maigida, ina yara, yaya zafi, yaya aka ji da ɗaukewar wuta. Bayan kowace tambaya sai ta ɗan dakata. Na ce, "Gwaggo, ci gaba mana." Ta ce, "Ka bari ta amsa." Daga nan ta shiga kiran sunaye, har ta kai ga hawan jinin mijin Madam Hawa. Na tsayar, na ce duk wanda ya buɗe zai ji fa. Ta ce, "Af, to cire hawan jinin, ka bar mijin."

Minti huɗu da rabi. Duk wani malamin sana'ar nan da zai ji, sai ya dafe kai. Na sa muryar a farkon shafi, atamfa ta koma ƙasa, maɓallin saye ya koma can ƙarshe inda sai mai haƙuri zai gan shi. A sama na sa wani sabo, wanda ita ta zaɓi abin da za a rubuta a kansa: "Ki amsa gaisuwa." Ana danna shi, wayar Gwaggo ce take ƙara. Na sake tura shafin ga lambobin nan.

Mataki na 7: Ka auna nasara da abin da ka samu

Washegari da hantsi wayar ta yi ƙara. Madam Hawa ce, muryarta har tsakar gida.

"Hajiya Zuwera! Kin kashe ni! Na buɗe abin nan a buro, gaban shugabanmu, sai ga muryarki kina tambaya ta yara. Wallahi ban san lokacin da na ce lafiya lau da ƙarfi ba! Ashe gwiwa ce ta zaunar da ke, ba wanda ya gaya mini? Ina nan tafe in an tashi."

Ta zo da la'asar. Suka gaisa rabin awa, aka warware zane, ta ce bai yi ba sau uku, ta tafi da turmi biyu. Bayan kwana biyu sai ga Mariyam mai ɗinki da wasu mata uku. Yanzu masu taksi ma sun san lungunmu, Gwaggo kuwa tun da sassafe kallabi yana kanta.

A ilimin sana'a, shafin nan ya faɗi warwas. Ya fi kowane shafi a Yamai nauyin buɗewa. Da na gaya mata, sai ta ce, "Madalla, ya fara natsuwa." Maɓallin saye kuwa, har yau ba mahaluƙin da ya taɓa danna shi. Idan abokan sana'a suka tambaye ka, ka ce musu wani sabon salo ne da bai iso nan ba tukuna.

Gargaɗi

Duk abin da ya same ka bayan bin matakan nan, ba ruwan Isaka. In ka wayi gari kai ne mai shimfiɗa tabarma da kawo ruwan sanyi ga baƙin gwaggonka, ba ni na aike ka ba. In dangi suka ci gaba da kawo maka waya gyara, tsakaninku ne. In wata ta amsa gaisuwa gaban shugabanta aka yi mata dariya, ta nemi mai muryar.

Haka kuma ba ni da alhakin abin da za ka ji in ka yi irin tambayar da na yi. Na ce, "Gwaggo, tun da kowa ya san gida yanzu, ko in rufe shafin?"

Ta ci gaba da ninke zane, ba ta ko dube ni ba.

"Bar shi. Ranar da ba ni nan, in sun buɗe, su tarar da mai gaishe su."

Wannan ba ni da matakin da zan koya maka a kansa. Ni dai na tashi na je na ajiye muryar a wuri uku.