Angon Hajiya Tabawa

Akwai wani maƙwabcinmu a Funtuwa, Ɗanliti mai man gyaɗa, mutum ne mai wayon tsiya, irin wanda yake ganin kowa barci yake yi sai shi. Da sana'a ta buɗe masa, sai ya je wajen lauya a yi masa rajistar kamfani, don shi ma a liƙa masa "Limited" a wutsiyar suna. Lauya ya ba shi shawarar ya samo darakta na biyu, kuma a rubuta yarjejeniya cewa ba za a sayar da kadarar kamfani ba sai da hannun su biyun. Ɗanliti ya duba abokansa kaf, bai ga wanda zai iya juyawa ba, sai ya ɗauko mahaifiyarsa, Hajiya Tabawa, don a lissafinsa tsohuwa duk inda aka nuna mata za ta dangwala.

A ofis lauya ya yi mata bayani dalla-dalla: a idon doka kamfani mutum ne mai zaman kansa, da sunansa da dukiyarsa, ba a haɗa kayansa da na wanda ya kafa shi.

Hajiya ta ce, "To shi wannan mutumin, wa ya haife shi?"

Lauya ya yi dariya ya ce, "Sai dai mu ce ɗanki ne ya haife shi, Hajiya."

Ta ce, "Ashe jika na samu. Allah ya raya mini angona." Ta dangwala, aka tashi ana raha.

Ba a rufa shekara ba Ɗanliti ya ƙyalla ido ya ga wata mota a bakin titi, ya rasa sukuni. Wallahi har haushi ya ba ni, don injin matsar man, wanda shi ne ke ci da gidan gaba ɗaya, shi ya yi wa ciniki. Mai saye kuwa ya ce ba zai taɓa injin ba sai ya ga hannun darakta na biyu. Gogan naka ya nufi ɗakin tsohuwa, ya durƙusa, ya miƙa takarda.

"Hajiya, ɗan dangwala mini nan, sauri nake yi."

"Na mene ne?"

"Injin nan zan sayar, in ɗan sayi abin hawa."

Ta naɗe hannunta cikin mayafi ta ce, "Ba da yatsana ba."

Ya marairaice ya ce, "Haba Hajiya! Sunanki fa na ara kawai don a cike gurbi. Kamfanin nan nawa ne, ni na haifi abina!"

Ta ce, "Kai ka haife shi, ni ya aura. A ina ka taɓa ganin macen da ta sa hannu a kwashe wa mijinta kaya?"