Dogon yaro arba'in a bisa baraji

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da aka naɗa ni shugaban kwamitin barajin ƙauyenmu, can gefen Keita. Barajin, wato madatsar ruwa, da ƙasa da duwatsu iyayenmu suka gina shi, kuma da ruwansa kowa ke noman albasa da rani. Na dawo daga Tawa da takardar makaranta, kaina ya kumbura, na rantse sai na bar abin da za a tuna da ni.

Sai na sayo dashen dogon yaro arba'in, na jera su a bisa bangon barajin. (Har hoto aka ɗauke ni ina ba su ruwa, kamar wani minista.) Kwana uku, goma sun ɓace. Na zagi awaki, na zagi masu awaki. Ranar Laraba da hantsi na kama mai ɓarnar: Inna Tsahara, tsohuwa mai sanda, tana tuge dashena tana jefarwa cikin kwari.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ko gaishe ta ban yi ba. Na tasa ta gaba har ƙofar maigari, ina ɗaga murya don kowa ya fito, kowa kuwa ya fito. Na ce maƙiyiyar ci gaba ce. Na ce ko a ci ta tara, ko in ajiye shugabancin yau ɗin nan. (Wa ya aike ni?)

Maigari ya ce, "Inna, mi ya kai ki?"

Ko kallona ba ta yi ba. "Maigari, bisa kaina na ɗauki duwatsun barajin ga, uwar yaron ga tana budurwa. Tun sannan anka ce muna kada a bar icce bisa bango. Saiwa na huda ƙasa, in ta ruɓe ruwa shi bi ramin, bango shi tahi. Shekara da shekaru ni ka tuge duk abin da ya tsiro. Bana sai na iske an jera mini su sahu-sahu, har da taki."

Dariya ta ɓarke. Kawuna, wanda gonarsa ke daidai gindin bangon, shi bai yi dariya ba. Ya ce, "Kai, albasata kake so ruwa shi kai Madawa ba mota?"

Maigari ya dube ni. "To, tara dai babu. Saura ɗayan da ka ce."

Inna ce ta cece ni, in ceto ake kiran wannan. "Ku bar mishi kujeratai. Kusan talatin sun rage, ni kau bayana na ciwo."

Haka na yini ina tuge dashena da hannuna, tana zaune tana nuna mini da sanda wanda na tsallake.

Har yau abin yana ba ni haushi, sai dai na rasa wanda zan ji haushinsa in ba ni ba. Yanzu ko ciyawa zan taɓa a barajin nan, sai na fara zuwa gaida Inna.